Bidiyon Da Na Ce A Bari A Ƙarshe

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. 'Yan uwa masu karatu, yau ba daɗin baki na zo yi muku ba, laifina na zo faɗa. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Juwairiyya, ina koyarwa a wata firamare a nan Tudun Wada. Mu biyu ne a gidanmu, ni da Inna, tun da Allah Ya yi wa Baba rasuwa wata goma sha huɗu da suka wuce. Yayyena mata duk suna gidajen mazajensu, ɗaya a Bebeji, ɗaya a Kiru.

Lokacin da jinyar Baba ta yi tsawo ya daina zuwa gona, sai ya koma yawan ba da labari. Yadda ya yi aikin kuza a Riruwai yana saurayi, yadda suke ratsa dajin Falgore a ƙafa, sunayen abokansa da duk suka riga shi tafiya. Ni kuma sai in jingina wayata da gwangwanin madara in yi ta ɗaukarsa. Bidiyo goma sha ɗaya na samu. Wayar ba ta da wuri, don haka duk wanda na ɗauka sai in juye shi a laftof ɗina in goge na wayar. Ita wayar ma daga baya ta faɗa cikin bahon wanki ta mutu. Kenan duk duniya babu inda fuskar Baba ke motsi, babu inda muryarsa take, sai cikin wannan baƙar laftof ɗin da ya saya min ina makaranta.

Na goma sha ɗayan shi ne na Inna. A cikinsa kaɗai suka fito su biyu. Suna zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa a faranti, yana tsokanarta da ranar da ya fara ganinta a kasuwar Doguwa ta yi masa tsadar man shanu. Tana cewa ƙarya yake, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Can wajen ƙarshe sai ga sallamar Yaya Sagir, mai nemana, ya zo duba shi da ledar lemo. Bayan ya fita Baba ya dubi Inna ya ce, "Luba, wannan yaron na yarda da shi. Mai gaskiya ne."

Wannan maganar ita ce ta zama doka a gidanmu. Duk sanda na ce a ɗan ƙara min lokaci, sai Baffa Uba, ƙanin Baba, ya ce, "Lokacin me? Yayana da bakinsa ya yaba yaro, ga shi nan a na'ura." Kada ku fahimce ni a karkace, ba wanda ya yi min dole. Ina son Yaya Sagir, shekara biyu muna tare. Ma'aikacin dabbobi ne, yana yawo rugage a babur yana yi wa shanu allura, mutum ne mai kunya da tsabta, bai taɓa zuwa zance da hula a karkace ba. Sai dai ni mace ce mai son in tabbatar da abu kafin in taka. A ƙarshe dai aka sa ranar Asabar manyansa za su zo gaisuwa a tsayar da magana.

Kowace Juma'a bayan la'asar Inna takan shimfiɗa darduma a falo, ta sa farin mayafinta, ta ce, "Ɗauko mana Malam," don haka take kiran Baba. Ba ta taɓa neman wani bidiyon ba sai wannan.

Saura mako uku da Asabar ɗin, da safe na kunna laftof zan rubuta tambayoyin jarrabawa, sai na ga ba ta shiga inda ta saba ba. Fuskar ta yi baƙi ƙirin, ga wani farin rubutu da Turanci. Na karanta sau biyu. Cewa yake faifan ajiyar da ke cikinta ya kusa lalacewa, in kwashe kayana in canza shi, in kuma ina son ci gaba in danna maɓallin F1.

Gabana ya faɗi. Na ɗauki hoton rubutun na tura wa Yaya Sagir, don shi ya fi ni sanin kwamfuta, kuma shi ne ya dawo min da ita kwana biyu kafin nan bayan ya ara ya shigar da rahoton allurar da suka yi a wajen Falgore.

"Ka ga abin da ta nuna min. Me ke nan?"

Ya karanta nan take, na ga alamar. Amma sai da aka yi kusan rabin awa ya amsa.

"Ba komai ba ne, Juwai. Haka suke yi in sun kwana biyu. Danna F1 kawai."

"Ta ce fa in kwashe kayana."

"Tsoratarwa ce. Ki kwantar da hankalinki."

"Ko in kai wa masu gyara?"

"A'a, kar ki kai. Sai su cire miki abu mai kyau su sa tsoho, ga hotunanki su bi suna kallo. Bayan Asabar zan shiga Kano da ita da kaina."

Na danna F1. Ta shiga lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Na sauke ajiyar zuciya, har na tura masa hoton fure.

Ku ji ni da kyau, a nan nawa laifin ya fara. Rubutun nan kullum sai ya fito, kullum ina danna F1 kamar mai korar ƙuda. Filash ɗina ƙarama ce ba za ta ɗauki ko bidiyo biyu ba, na ce zan sayi babba ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zo hankalina yana wajen tela da mai lalle. Sati na biyu kwamfutar ta fara nauyi, in buɗe fayil sai in je in ɗora ruwan shayi in dawo bai buɗe ba. Daga nan ta fara wani ɗan sauti daga gefen hagu, ƙyas, ƙyas, kamar ana taɓa cokali da gilashi. Har wani akwatin gargaɗi ya riƙa tasowa ina tsakar aiki. In rufe shi.

Wata Juma'a, saura kwana takwas Asabar ɗin, muna kallo da Inna, daidai inda Baba ya buɗe baki zai yi dariya hoton ya tsaya cak. Bakinsa a buɗe, idonsa a lumshe, babu motsi.

Inna ta matso. "Me ya samu Malam?"

"Caji ne ya yi ƙasa, Inna."

Ƙarya na yi, a jone take da wuta. Bayan ɗan lokaci ya saki ya ci gaba, ta koma ta jingina.

Ranar Talata da safe na danna F1, ba ta shiga ba. Na kashe na kunna, na kashe na kunna, wajen sau bakwai. Sautin nan kawai, ƙyas, ƙyas, ƙyas. A makaranta na kasa koyar da komai, har Malama Halima da muke ofis ɗaya ta tsare ni da tambaya. Da na gaya mata sai ta ce, "Daina kunna ta. Akwai wata mata a Kwanar Dangora, Anti Baturiya, ita ta ceto wa mijina takardunsa. In ita ta kasa, to sai haƙuri."

Laraba da sassafe na saka doguwar rigata ruwan toka da hijabi, na naɗe laftof ɗin a cikin zani na sa a jaka. Na ce wa Inna zan je sayo takalmin da zai shiga da leshin Asabar. Tana tankaɗen fulawar cincin ta ce in biya in sayo mata kwakwa. Ban gaya wa Yaya Sagir zan je ba.

An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo, masara ta yi kore shar hagu da dama. A mota na rungume jakar a ƙirjina, duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar cikina aka buga.

Shagon Anti Baturiya yana bayan masu rake, ɗan ƙarami ne mai sola a kan rufi. Mace ce doguwa, za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, da tabarau rataye da zare a wuyanta. Na gaishe ta na durƙusa, ta nuna min benci. Ba ta kunna kwamfutar ba. Tambayoyi ta fara yi min kamar likita.

"Yaushe ta fara nuna gargaɗin?"

"Mako uku ke nan."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Mako uku. Kina ta danna F1."

Na sunkuyar da kai.

"Tana ƙara?"

"Tana yi."

"Akwai abin da ba ki da shi a wani wuri?"

Na ce, "Mahaifina ne a ciki. Ya rasu."

Ta juya laftof ɗin ta kifa ta a kan wani tsumma, ta bi gefunanta da yatsa. A kusurwar hagu ta tsaya, ta kankare da farce.

"Yaushe ta faɗi?"

"Ba ta taɓa faɗuwa ba, Anti. Ko a gado ba na barin ta a baki."

"Zo ki gani."

Na leƙa. Kusurwar a tsage take, an manne ta da gam, an kuma bi ta kai da baƙin alƙalami don kada a lura. Da ta kwance murfin ƙasan, sai ga busasshiyar jar laka ta zubo a kan tsumman.

"Wannan ba ƙurar ɗaki ba ce," in ji ta. "Ta sha ƙasa, kuma da ƙarfi. Kin ga wannan ɗan ƙarfen? Shi ne faifan ajiyar, mu muna ce masa had-dis. A cikinsa akwai faranti mai juyawa da gudu, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa tana karantawa. In aka buga shi, allurar sai ta karce farantin. Shi ya sa ya yi ta yi miki magana. Duk kunnawar da kika yi, ƙara gurzar wurin kike yi. Da ranar farko kika zo, kafin ki gama shan ruwa mun kwashe komai."

Kunnuwana suka yi ɗum. Ban da ni, mutum ɗaya ne ya taɓa fita da laftof ɗin nan daga gidanmu.

Na ce ta ba ni minti biyu. Na fita bayan shagon inda ba mutane, na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka, ina jin kukan shanu a bayansa.

"Juwai, ina kwana? Yanzu nake cewa zan kira ki."

"Yaya Sagir, laftof ɗina ta faɗi a hannunka?"

"Faɗuwa kuma? Wa ya ce miki?"

"Ina Kwanar Dangora wajen mai gyara. An buɗe ta. Na ga gam, na ga laka."

Na ji numfashinsa, na ji wani Bafulatani yana yi masa magana yana cewa ya bari tukuna.

"Ba na ce kar ki kai ba?"

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan. Na kashe wayar.

Ina tsaye a wurin saƙonninsa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki yi haƙuri don Allah."

"Gab da Falgore ne. Shanu suka tsallako, na taka burki a taɓo, babur ya kwashe ni. Jakar ta bugi dutse."

"Na ji kunya ne. Na san Baba ne ya saya miki."

"Na tambayi wani abokina ya ce faifan ne. Na yi niyyar in sayo sabo in canza kafin ki sani."

Na sake karanta na ƙarshen. Ya tambaya. Ya san faifan ne. Ya san mutuwa yake yi, amma kullum in na yi masa ƙorafi sai ya ce danna F1. Na rubuta, "Ka san abin da ke ciki?" Ya amsa, "Na ɗauka kina da su a waya." Sau nawa na ba shi labarin wayar da ta faɗa baho? Har dariya ya yi min a lokacin.

Na koma shagon idona a bushe, ƙirjina kamar an zuba garwashi. Anti Baturiya ta riga ta ciro faifan ta sa shi a wani ɗan gida mai waya, ta kuma juyo fanka tana hura shi.

"Saurara," ta ce. "Zan jona shi da tawa kwamfutar. Wataƙila ya ba mu awa ɗaya, wataƙila minti biyar, wataƙila ma ya ƙi tashi. Ba zan ja duka lokaci ɗaya ba, ɗaya-ɗaya za mu bi. Abin da ya fi miki muhimmanci shi za mu fara ɗauka. Kin gane?"

"Na gane."

Ta yi bismillah ta jona. Ƙyas. Ƙyas. Sai wani siririn zuuu. Ta buɗe wata manhaja mai duba lafiyar faifai, layuka suka fito, kusan rabinsu ja. Ta girgiza kai ta rufe. Can sai ga foldar ta bayyana, wadda na sa wa suna Baba, da bidiyoyi goma sha ɗaya a jere.

"Wanne?"

'Yan uwa, ga inda nake so ku tsaya. Na san amsar. Ko daga barci aka tashe ni na san wanne ne ya fi kowanne. Amma a daidai wannan lokacin ba dariyar Baba nake ji ba, ba farantin gyaɗar Inna nake gani ba. Kalma uku kawai ke yawo a kaina. Mai gaskiya ne. Mai gaskiya ne. Na hango Baffa Uba ranar Asabar yana cewa a kunna wa baƙi su ji da kunnensu. Na hango Yaya Sagir yana sunkuyar da kai yana murmushi.

Na ce, "Fara daga na ɗaya."

Ta kai yatsa kan na ƙarshen. "Wannan fa? Na ga kin rubuta masa Baba da Inna. Shi ya fi girma kuma, zai fi cin lokaci. In da ni ce da shi zan fara."

"A bar shi a ƙarshe."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta fara ja. Na ɗaya ya wuce, na Riruwai. Na biyu ya wuce. Na uku ya ɗan tsaya a tsakiya, muka riƙe numfashi, ya wuce. Na huɗu ya maƙale, koren layin ya ƙi gaba, faifan ya fara ƙyas-ƙyas, ta yi maza ta soke shi ta tsallaka. Na biyar. Na shida. A waje masu mota suna ta kiran Zariya, Zariya, wata mata ta leƙo za ta yi hoton takarda Anti ta ce ta dawo an jima. Ta taɓa faifan da bayan hannu ta ce ya fara zafi.

Ana cikin na bakwai aka kira azahar. Ban san me ya faru ba, kamar an kwara min ruwan randa. Fushin ya sauka lokaci ɗaya, sai na ga Inna a kan dardumarta da farin mayafi tana jira. Na miƙe tsaye.

"Anti, don girman Allah tsallaka zuwa na goma sha ɗaya."

Ta dube ni, ba ta tambaye ni dalili ba. Na bakwai na gamawa ta ja shi.

Layin ya fara tafiya. Kashi biyar. Kashi tara. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Kashi goma sha huɗu. Ya tsaya a nan. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas-ƙyas-ƙyas. Sai foldar ta ɓace daga fuskar kwamfutar gaba ɗaya, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Ta zare shi, ta bar shi ya huce har muka yi salla, ta sake jonawa sau ɗaya. Ko zuuu ɗin bai yi ba. Guntun da ya shigo kuwa ta gwada shi da manhaja uku, ya ƙi buɗewa.

"Iyakar abin da hannuna zai iya ke nan," ta ce a hankali. "Akwai masu buɗe cikinsa a ɗaki na musamman, a manyan birane suke, su ma ba sa yin alkawari. Kar ki bari kowa ya ce zai sa miki shi a firji ko ya bubbuga shi. Ki adana shi inda ba danshi." Ta naɗe shi a leda ta miƙo min. Bidiyo shidan da suka tsira ta zuba min a sabuwar filash, ta kuma sa min a wayata. "Wuri biyu, ko uku. Daga yau abin da kike so kar ya kwana a wuri ɗaya."

Har na kai ƙofa ta kira ni. "Ƙanwata. Me ya sa kika ce a bar shi?"

Na buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa. Ta jawo ni ta zaunar, ta bar ni na yi mai isata.

Na dawo gida ba takalmi ba kwakwa. Na ce wa Inna ban samu daidai ƙafata ba, kwakwar kuma na manta. Ta bi ni da kallo ta ce, "Amarcin tun yanzu ya fara cin hankalinki." Gidan duk ƙamshin suya, cincin a bokiti biyu, dubulan a tire an rufe da farin mayani, an wanke labulen falo an shanya. Baffa Uba ya kira ya ce mutum shida za su zo, a tanadi tabarma babba.

Alhamis na wuni a ɗaki na ce kaina ke ciwo. Yaya Sagir ya kira sau goma sha tara, ban ɗauka ba. Saƙonsa na ƙarshe cewa ya yi, "Ki zage ni ma na yarda, amma ki yi min magana." Na kifa wayar. Ina ta shirya abin da zan gaya wa Inna, kuma wallahi mai sauƙi ne. Sagir ya yar da kwamfuta, ya ɓoye, faifai ya mutu, an ceto shida. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Ba wanda ya san sauran sai ni da Anti Baturiya, ita kuwa ina za su haɗu da Inna?

Juma'a bayan la'asar hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba. Na ji ta tana shimfiɗa darduma.

"Juwairiyya, ɗauko mana Malam."

Na fito da wayata a hannu maimakon laftof. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta. Na fara da faɗuwar babur, da gam, da laka, da F1 na mako uku. Tana saurare tana jan carbi a hankali. Na ce an ceto shida.

"Nawa yana ciki?"

"Ba ya ciki, Inna."

Carbin ya tsaya. "Allah Ya sa haka shi ya fi alheri," ta ce, muryarta ta yi ƙasa sosai. "Ashe Sagir zai iya haka."

A nan ya kamata in yi shiru. Na dubi fuskarta, na ga ta riga ta ɗora masa kayan duka, ta yafe min tun kafin in roƙa. Sai na ji ba zan iya ɗauka ba.

"Inna, akwai saura. Matar ta ce in zaɓi wanda za a fara cirowa. Ta ma ce a fara da naki. Ni na ce a bar shi a ƙarshe."

"Don me?"

"Don Baba ya ce mai gaskiya ne. Ina cikin fushi. Ban so in ƙara jin maganar."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire mayafin daga kanta ta ninke shi gida huɗu a kan cinyarta, tana shafa shi da tafin hannu.

"Ke kin ɗauka don maganar Sagir nake kallonsa?" ta ce. "Ni ko kaiwa wajen ban cika yi da hankalina ba. Dariyar nake kallo. Shekara talatin da huɗu, ba ni da hotonsa yana dariya sai wannan."

Na kifa kaina a gwiwarta. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma dafa ni ba.

Muna haka muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Aka kashe shi. Aka daɗe ba a yi motsi ba, sannan sallamarsa ta shigo daga soro, a shaƙe, kamar ba muryarsa ba.

Inna ta amsa masa da kanta. Sannan ta ɗago haɓata.

"Shi kunya ta sa shi ya ɓoye, ke fushi ya sa ki kika zaɓa. Ban san wanne ya fi ba, kuma yau ba ni da ƙarfin aunawa. Gobe mutane za su zo. Babanki ya yi maganarsa a kan abin da ya gani a lokacin, yanzu ba ya nan, bidiyon ma babu. Ba ni da abin da zan ƙara tsare ki da shi, Baffanki ma haka. Tashi ki je ki same shi. Ki gaya masa naki kamar yadda kika gaya min, kar ki rage. Abin da kika dawo da shi, a zo goben ko a fasa, shi zan kira Baffanki in faɗa masa kafin magariba."

Ta karɓi wayar daga hannuna, ta ce in kunna mata na Riruwai kafin in fita.

Na kunna. Muryar Baba ta cika falon yana lissafa abokansa. Na ɗauki hijabina a bakin ƙofa, na zura silifas. Daga tsakar gida ina hango shi ta labulen soro, a durƙushe, hularsa a hannu, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Taku goma sha biyu ne daga ƙofar falonmu zuwa soro, na sha ƙirga su ina yarinya. Na yi takwas ban san da me zan dawo wa Inna ba. A na tara ya ɗago kai ya gan ni.